Idon Zabuwa

Ni na fasa wa Zabuwa ido, ranar wata Laraba da hantsi, da babban yatsana na dama.

Zabuwa kunamar ruwa ce. Wanda bai taɓa ganin irin kifin ba, ya ɗauki faifai baƙi wuluk ya yayyafa masa farin ɗigo-ɗigo, ya liƙa masa wutsiya mai kauri kamar dorina, a tsakiyar wutsiyar kuma ya dasa tsinke mai haƙora irin na zarto. Idanunta a saman kai suke, bayan kowane ido akwai rami da take jan ruwan numfashi ta ciki. Ranar da aka kawo ta sitonmu ba ta fi murfin kwano ba. Ni na raɗa mata suna, ni nake yanka mata tana da ƙananan kifi safe da yamma, har ta kai faɗin tiren mai tsire.

Siton yana wani lungu a bayan kasuwar Chow Kit a Malesiya, inda jirgin monorel ke bi ta sama, duk bayan 'yan mintoci ruwan tankuna ya yi rawa. Mai wurin Tauke Leong ne, wani tsoho ɗan asalin Sin da ke kiwon kifayen ado. Shugaban ma'aikata kuwa Joni, ƙaton ɗan Indonesiya wanda wuyansa ya kai cinyata. Sai Badamasi, mutumin Gwale, yana digiri na biyu, yana zuwa kwana uku a mako ya taya mu. Ni ɗan Ibi ne, bakin Binuwai. A aji huɗu na sakandare na ajiye biro. Kawuna ya turo ni Malesiya koyon kwamfuta, wata huɗu na daina shiga aji. Na yi wanke-wanke a mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, na yi wa Larabawa dakon kaya a Bukit Bintang, babu inda na cika wata uku. A sito kaɗai na yi shekara biyu da rabi, kuma saboda Zabuwa ne.

Ranar za mu sauya mata tanki, don namijin da ke tare da ita ya dame ta da cizo. Muka rage ruwa ya dawo iya ƙwauri, ni da Badamasi muka shiga da baho da raga mai laushi.

"Malam Fatihu, amaryarka fa ta yi ƙiba," in ji Badamasi. "Me kake ba ta, nasi lemak?"

"Matso ta gabanta, Malam. Na sha gaya maka ba a tsaya mata a baya."

"To, Sarkin Ruwa. Ni da na karanta..."

Bai ƙarasa ba monorel ya wuce, ƙarfen rufi ya yi ƙara, Zabuwa ta firgita. Wutsiyar ta lanƙwaso kamar ta kunama, tsinken ya shige ƙwaurin Badamasi daidai saman takalmin roba. Ihun da ya yi ban taɓa jin namiji ya yi irinsa ba. Tsinken ya maƙale a cikin tsoka, ita tana fizga, shi yana fizga, haƙoran suna yagar nama. Nan da nan ruwan ya koma ja.

A Ibi tun ina shekara tara babana ya koya mini abin da ake yi in kunamar ruwa ta faɗo kwalekwale. Ba a jira. Ka soka babban yatsa da na tsakiya cikin ramukan nan na bayan ido, ka danne kanta da katako, wanda ke kusa ya sare wutsiya. Ba wanda ya taɓa damuwa da ido, kifin da tukunya zai shiga. Na yi haka ya fi sau hamsin kafin in bar gida. Hannuna bai yi shawara da ni ba. Na faɗa mata da dukan nauyina, na soka yatsu, ta murɗe, babban yatsana ya zame daga ramin ya nutse gaba. Na ji wani abu ya fashe a ƙarƙashinsa kamar an matse nunanniyar ɗinya.

Tsinken ya fito da guntun tsoka a jikinsa. Joni ya sunkuci Badamasi kamar buhu ya fitar da shi, ya ɗaure ƙafar da tawul, ya dulmiya ta cikin bokitin ruwan zafi, don zafi ne ke karya dafin. Badamasi yana kiran Innarsa yana zagina yana zagin kifin, duk a numfashi ɗaya. Direba ya kawo mota aka wuce da shi asibiti.

Na koma na tura Zabuwa cikin bahon. Idonta na hagu ya ɓulɓulo waje, ya tsage, wani farin abu kamar majina yana lilo a jikinsa, jini yana fita siriri yana narkewa a ruwa. Sai zagaye take yi tana dukan gefen bahon.

Tauke Leong ya sauko daga ofis, ya sa tabarau, ya duƙa ya daɗe yana kallo.

"Ta gama, lah," ya ce da Malayanci. "Ciwon zai ruɓe ya shiga ƙwaƙwalwa. Kwana uku tana wahala ta mutu, ta ɓata mini ruwa. Joni, gama da ita yanzu."

"Tauke, a kira Dakta."

"Kai ka yi shiru. Kai ma ka gama."

Ya hau sama abinsa. Na zaro waya da hannu mai jini na kira Dakta Raudatu. 'Yar Zariya ce, likitar dabbobi, tana digirin digirgir a kan cututtukan kifi, tana kuma aiki da wani asibitin dabbobi da ke turo ta duba mana kifaye duk wata. Na gaya mata a gurguje.

"Ƙara mata iska, rufe bahon da baƙin kyalle," ta ce. "Yanzu ina kan titin Jalan Semarak, sai na biya na ɗauko kaya. Minti arba'in. Kada kowa ya taɓa ta."

Ina ajiye wayar sai ga Joni da addar da muke sarar daskararren kifi. Na tsaya tsakaninsa da bahon.

"Matsa, Fatihu."

"Dakta na hanya. Minti arba'in kawai, Bang Joni."

"Tauke ya ce yanzu. Matsa."

Ya sa hannu ɗaya ya ture ni kamar labule. Na dawo na kama hannun addar da hannu biyu na murɗa. Ya ɗaga gwiwa ya zuba mini a ciki, numfashina ya ɗauke, amma ban saki ba. Na ja baya da kaina na gwara masa goshi a baki, gwaren da muke yi a bakin kogi in an yi rigima a kan komar kamun kifi. Na ji haƙorinsa ya tsaga mini fatar goshi. Addar ta faɗi ta shige ƙarƙashin tanki.

Daga nan Joni ya daina yi mini kallon yaro. Ya ɗauki sandar raga ya maka mini a haƙarƙari sau biyu, a na biyun na ji wani abu ya ce ƙas a cikina. Ya cafki ƙeyata ya dulmiya kaina cikin tankin jajayen kifi. Na ga kifaye suna watsewa, na ga jinina yana bin su, na sha ruwa ta hanci. Na yi ta harbi ta baya har diddigena ya same shi a gaba. Ya sake ni, muka zube tare a kan wani ƙaramin tankin gilashi, ya tarwatse. Ruwa ya malale, ƙananan kifi suna tsalle a siminti, mu kuma muna birgima a kan fasassun gilasai, yana shaƙe ni ina cizon hannunsa. Duk lokacin da ya yunƙura zai nufi bahon sai in rungume ƙafarsa, ya ja ni a ƙasa, ya tattaka ni, in sake rungumewa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Na dai san tun ina dukansa har na koma riƙo kawai.

"Kai! Mahaukatan ina ne ku?"

Dakta Raudatu ce a bakin ƙofa, 'yar ƙaramar mace cikin shuɗin hijabi, akwati a kowane hannu. Ta tsallake mu kamar ta tsallake kwata, ta yaye kyallen bahon, ta haska da tocila. Tauke ya sauko yana faɗa a kan gilashinsa. Ta juya ta tare shi da Malayancin da ya fi nawa.

"Idon ya tafi, Tauke, wannan ba gardama. Zan cire shi in ɗinke wurin. Wannan kifin da hanci da jijiyoyin fata yake neman abinci, ba da ido ba. Mai ido ɗaya tana ci, tana haihuwa."

"In ta mutu a hannunki fa?"

"Ka rasa abin da dama za ka sare da adda. Boleh, ka yarda?"

Ya dube ta, ya dubi ɓarnar da muka yi. "Boleh," ya ce. Ya nuna ni da yatsa. "Wannan kuma yau ya bar mini wuri."

"Bayan na gama. Yanzu hannu nake nema. Ku biyun, ku wanke jinin nan ku sa safar hannu."

Muka shimfiɗa katifar soso a kan teburin yankan abinci, muka jiƙa ta sharkaf. Dakta ta auna wani farin gari ta kaɗa a bokiti ta juye cikin bahon. Zabuwa ta yi ta bugun ruwa, ta rage, gefunanta suka daina kaɗawa, daga baya Dakta ta tsunkule ta ba ta motsa ba. Abu na farko, ta zura wa tsinken bututun sirinji ta naɗe da salatif. Muka ɗago ta mu uku muka kwantar. Dakta ta sa ƙaramin famfo a bokitin ruwan maganin, ta zura tiyo cikin ramin numfashi na dama, ruwan yana bi ta ciki yana fita ta ƙasa yana komawa bokiti.

"Joni, riƙe tiyon nan. In ya zame ta mutu. Kai ɗan Ibi, tocila a hannu ɗaya, ɗaya hannun kana jiƙa mata baya. Kada fatar ta bushe."

Ta liƙa wata 'yar na'ura a ƙirjin kifin ta ƙasa, sai muka fara jin zuciyar a lasifika, fuu, fuu, a hankali kamar mai fifita wuta.

"Me ya same ta? Ƙarfe ta buga?"

"Ni ne, Dakta."

"Da me?"

"Da yatsa. Kamun da muke yi a gida."

Ta ɗago ta dube ni ta saman takunkumi. "Nan kwalekwalen babanka ne?"

Na ɗebo ruwa na jiƙa wa Zabuwa baya.

"Haska nan."

Ta yi allura huɗu kewaye da idon. Ta kama abin da ya rage da hantsaki ta ɗaga, ta bi gefensa da ƙaramin almakashi mai lanƙwasa, tana yanka tana ɓanɓarewa. Naman yana ƙara ƙyas-ƙyas kamar ana yanka sabon yadi. Ta ce akwai 'yan tsokoki da ke juya ido, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, a can ƙasa kuma akwai guringuntsi da ido ke zaune a kai, da jijiyar gani, da jijiyar jini a manne da ita. Joni, wanda ɗazu zai raba kan kifin biyu, ya kau da fuska yana haɗiyar yawu. Leɓensa ya kumbura ya yi kamar tsiren hanta.

Ta zura wani almakashi mai kama jijiya can ciki ta datse, ta yanke ta samansa. Idon ya fito gaba ɗaya, ta jefa a kwanon silba. Ya yi ƙaramin sauti. Tana ɗaure jijiyar da zare sai monorel ya wuce, teburin ya girgiza, almakashin da ke riƙe da jijiyar ya zame.

Jini ya taso ya cika ramin ya malalo kan baƙar fatar, ya bi fararen ɗigon yana shafe su.

"Innalillahi. Ajiye tocilar. Ungo auduga, cusa, danna da babban yatsa. Danna sosai!"

Na cusa yatsana cikin ramin idon na danna. Wurin da sanyi, da santsi, ina jin guringuntsin yana ture ni. Audugar ta jiƙe, ta sauya, ta sake jiƙewa. Sautin lasifikar ya fara nisa da juna. Fuu. Shiru. Fuu.

"Maganin ya yi mata yawa ga jini na zuba. Joni, mai da famfon cikin ruwa mai kyau. Da sauri, ƙato!"

Joni ya cira famfon ya jefa a ɗaya bokitin, ruwa ya fantsama mana a fuska. Dakta ta ce in ɗaga yatsa kaɗan kaɗan. Ina ɗagawa ta hango bakin jijiyar yana tsartuwa, ta cafke shi, ta ɗaure sau uku, ta cusa wani farin soso da ta ce jiki zai shanye shi. Muka tsaya muna kallon ramin. Ya yi ja, amma bai cika ba.

Ɗinkin ya ba ta wuya, don fatar kunamar ruwa kamar takardar goge katako take, allura biyu suka lanƙwashe. Kafin ta kai ɗinki na shida Zabuwa ta fara dawowa, wutsiyar ta ɗaga ta maka wa teburin, bututun sirinjin ya yi ƙara kamar an harba gwafa. Joni ya kwanta a kan wutsiyar da ƙirjinsa. Dakta ta ƙarasa biyun da suka rage a tsaye kan yatsun ƙafa, ta yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta da ta rage zafi a gindin fiffike.

"Ruwa. Yanzu."

Muka kai ta sabon tankin, ruwan iya ƙugu. Na shiga na tallafe ta a kan hannuwana biyu. Motsin da ta yi a tebur bai dawo ba. Ta yi lakwas kamar jiƙaƙƙen bargo, ramukan numfashin a buɗe, ba sa motsi.

"Yi ta tafiya da ita gaba," in ji Dakta daga bakin tankin. "Ruwa ya riƙa bi ta cikinta. Kada ka tsaya."

Na yi ta zagaya tankin. Kowane taku haƙarƙarina kamar ana soka mini wuƙa, jinin goshina yana ɗiga a bayanta ruwa yana wankewa. Aka kira azahar a masallacin kasuwa ina zagaye. Ruwan sama ya sauko a kan kwanon rufi ya ɗauke ina zagaye. Dakta ta zura hannu da na'urar ta saurara, ta daɗe, fuskarta ba ta gaya mini komai ba.

"Akwai, amma da rauni. Fatihu, wani lokacin ba sa dawowa. Ka ji ni?"

"Na ji."

"Ka fito Joni ya karɓe ka. Kalli yadda kake numfashi."

"Ba zan fito ba."

"Taurin kai kamar jakin Kano," ta ce, ta ja kujera ta zauna.

A zagaye na nawa ne ban sani ba, na ji abu ya taɓa mini hannu kamar an hura iska. Na duba. Ramin dama ya rufe, ya buɗe. Na tsaya cak. Ya sake rufewa. Na hagu ma, wanda ke bayan ɗinkin, ya bi shi.

"Dakta!"

"Na gani. Cire mata bututun yanzu, tun ba ta gama farkawa ba. In ta farka ba mai iya kama ta, salatif ɗin kuma zai ruɓar da wutsiyar."

Na saki hannu ɗaya na bi wutsiyar a hankali har na kai ga salatif. Ya jiƙe ya manne, farcena ya kasa. Joni ya miƙo almakashi. Na yanka, na zare bututun, tsinken ya fito tsirara, tazarar tafin hannu da cikina. Na ji dukan jikinta ya ɗaure a kan hannuna.

"Sake ta! Fito!"

Na sake ta. Ta buga fiffike ɗaya mai ƙarfi ya same ni a haƙarƙarin da ya karye, na ga wuta, na tafi da baya cikin ruwa. Joni ne ya kamo wuyan rigata ya fizgo ni waje kamar kyanwa, ya yar a siminti. Ina kwance ina tari na hango ta ta gilashi. Ta tafi ta gwabza gefen hagu da bango, ta ja baya, ta juya, ta sake gwabzawa. A karo na uku ta bi bangon a hankali da gefen fiffikenta har ta kai lungu, ta kwanta a kan yashi, ta yayyafa wa bayanta. Ramukan suna buɗewa suna rufewa.

Dakta ta ƙirga numfashin da agogo har sau biyu. Ta rubuta a takarda ranakun da za ta dawo yin allura da ranar cire zare, ta liƙa a jikin tankin. Sannan ta dubi goshina ta ce ita dabbobi take ɗinkewa, amma ni ma ban yi nisa da su ba, in tashi ta sauke ni a asibitin da aka kai Badamasi.

Tauke ya leƙo daga saman bene. "Makulli," ya ce.

Na ciro makullin sito daga wuyana na ajiye a kan teburin da jini bai gama bushewa ba. Na ɗauki jakata. Na kai bakin ƙofa sai Joni ya kira ni, maganar tana fita da ƙyar ta kumburarren leɓe.

"Oi. Ƙarfe nawa take ci?"

"Takwas da biyar. Tana tukuna, kifi daga baya. Ka cire ƙaya."

"Ta wane gefe zan zo mata?"

"Ta dama, inda za ta gan ka. Ka fara buga gilashin sau biyu."

Ya maimaita a bakinsa, takwas da biyar, ta dama. Ya ɗauko tsintsiya ya fara share gilasan. Dakta ta danna hon a waje, na riƙe haƙarƙarina na fita.